Limamin cocin da ya kare Cecil Rhodes: an zalunce shi ne, ko shi ya jawo wa kansa?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni malamin sakandare ne a kudancin Kaduna, Kirista ne, tarihi nake koyarwa. Na ji labarin wani farfesa a Jami'ar Oxford, wanda kuma limamin coci ne, da ya fito ya ce Cecil Rhodes ba mai wariyar launin fata ba ne, sai aka yi masa ca. A cocinmu wasu na cewa saboda addininsa aka tsane shi, wasu kuma na cewa addinin ya ci wa amana. Ina gaskiyar take?

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa, Allah ya taimaka. Nigel Biggar kake nufi, limami a cocin Angalika, wanda ya riƙe kujerar farfesan tauhidi da tarbiyya a Oxford daga 2007 zuwa 2022. Bari in faɗa maka inda na tsaya tun daga farko. Ba don addininsa aka taso masa ba. A wani wuri ya faɗi gaskiyar da abokan hamayyarsa ba su so ji ba, kuma wasu daga cikinsu sun yi masa rashin adalci. Amma a kan ainihin maganar, wato wanke Rhodes, attajirin ma'adinai ɗan Ingila da ya jagoranci mamayar Turawa a kudancin Afirka, daga wariya, bai yi daidai ba, kuma rigar limancin da ke wuyansa ta ƙara wa kuskuren nauyi.

Wutar ba a Ingila ta fara ba. A ranar 9 ga Maris 2015 wani ɗalibi mai suna Chumani Maxwele ya zo harabar Jami'ar Cape Town da bokitin kashi, irin wanda ake kwashewa daga ban-ɗakunan unguwannin baƙaƙe marasa galihu a gefen birnin, ya watsa wa mutum-mutumin Rhodes da ke zaune a kan kujera yana hangen gari. Wata ɗaya bayan haka, ranar 9 ga Afrilu, aka kawo mota mai ƙugiya ta ɗauke shi. Daga nan kiran ya tsallaka Oxford, inda wani mutum-mutumin nasa yake tsaye a saman bangon kwalejin Oriel da ke fuskantar babban titi, sama da na sarakunan Ingila biyu, Edward na Bakwai da George na Biyar. A kwalejin ya yi karatu, kuma ya bar mata fam 100,000 a wasiyyarsa. A Janairun 2016 ƙungiyar muhawara ta ɗaliban Oxford ta tafka mahawara a kan ko a sauke shi. Biggar na cikin waɗanda suka ce a bar shi. An kaɗa ƙuri'a, masu cewa a sauke suka samu 245, ɗaya ɓangaren 212. Duk da haka, a ƙarshen watan kwalejin ta ce ba za ta taɓa shi ba, jaridu kuma suka ruwaito cewa masu ba ta gudummawa sun yi barazanar janye kuɗin da ya haura fam miliyan 100.

Hujjojin Biggar, a mahawarar da kuma a wata doguwar maƙala da ya buga a 2016, sun cancanci a ji su yadda ya kawo su. Ya yarda Rhodes ba waliyyi ba ne. Abin da ya ce shi ne, mai wariya na ainihi shi ne wanda ya yi imani cewa baƙar fata ƙasƙantacce ne a halitta, har abada, shi kuwa Rhodes gani yake 'yan Afirka an bar su a baya ne wajen wayewa, kuma za su iya kamowa. Ya kawo sharaɗin wasiyyarsa da ya ce kada a ba wani ɗalibi tallafin karatu ko a hana shi saboda jinsinsa ko addininsa, da yadda Alain Locke, baƙar fata ɗan Amurka, ya samu tallafin a 1907. Ya kawo kuɗin da Rhodes ya zuba a jaridar baƙaƙe ta Izwi Labantu. Ya kawo yadda ya shiga duwatsun Matopo, a ƙasar da ake kira Zimbabwe a yau, a 1896 ba tare da runduna ba ya zauna da shugabannin Ndebele aka yi sulhu, da yadda suka yi masa gaisuwar sarauta ranar da aka binne shi a can a 1902.

Sannan ya yi wani aiki da ni kaina nake yaba masa. Masu fafutuka suna yawo da wata magana mai muni da suka ce daga bakin Rhodes ta fito. Biggar ya bi sawunta, ya nuna cewa guntaye ne daga wurare daban-daban aka ɗinke, kuma ɗaya daga cikinsu, mai cewa Rhodes ya fi son ƙasa a kan baƙaƙe, asalinsa bakin wani mutum ne a cikin ƙagaggen labarin da Olive Schreiner ta buga a 1897. Wannan gyara ne na gaskiya. Ku a Littafi Mai Tsarki an ce kada ka yi shaidar zur a kan maƙwabcinka, mu kuma a Alƙur'ani an ce kada ƙiyayyar wasu mutane ta sa ku ƙi yin adalci. Mamaci ma yana da wannan haƙƙin, ko da azzalumi ne. Duk malamin tarihin da ya ji haushin wannan gyaran, to aikinsa ya manta.

Matsalar ita ce ba a buƙatar ƙagaggiyar magana don a kama Rhodes. Abin da ya faɗa da bakinsa, aka rubuta, ya isa. A 1877, yana saurayi, ya rubuta cewa Ingilishi su ne mafificin jinsi a duniya, kuma duk yadda suka ƙara mamaye duniya, haka ɗan Adam zai ƙara amfana. A 1887 ya tsaya a majalisar Cape ya ce ɗan ƙasa baƙar fata a ɗauke shi kamar yaro, a hana shi ƙuri'a. Da ya zama firayim ministan Cape, yankin mallakar Birtaniya a Afirka ta Kudu, a 1890, sai magana ta koma doka. Dokar zaɓe ta 1892 ta ɗaga darajar dukiyar da mutum zai mallaka kafin ya yi zaɓe daga fam 25 zuwa fam 75, ta ƙara da sharaɗin iya rubutu, kowa kuma ya san wa aka nufa. Dokar Glen Grey ta 1894 ta ƙayyade ɗan filin da baƙar fata zai riƙe, ta ɗora harajin sulai goma a kan namijin da bai fita ya yi wa wani ƙwadago ba, don yunwa da haraji su kora shi gonar Bature ko ramin ma'adinai. A 1890 ya goyi bayan wani ƙudurin da zai ba da damar yi wa bara bulala in ya saɓa wa ubangidansa, ko da yake ƙudurin bai wuce ba. A Kimberley, inda kamfaninsa na De Beers ya mallake haƙar lu'ulu'u tun 1888, baƙaƙen leburori a killace suke cikin shinge har ƙarshen kwantiraginsu, ana tuɓe su ana bincike. Turawan da ke aiki a rami ɗaya da su gidajensu suke komawa da yamma.

Ka tsallaka kogin Limpopo kuma ka ga abin da ya fi wannan. A Oktoban 1888 wakilansa suka sa sarkin Ndebele, Lobengula, ya sa hannu a takardar da ta ba su ma'adinan ƙasarsa, a kan bindigogi 1,000, harsashi 100,000 da fam 100 duk wata. Da baki an gaya masa Turawan da za su zo haƙa ba za su wuce goma ba, amma wannan bai shiga takardar ba. Tafintan da ya tsaya a tsakani ɗan mishan ne, Charles Helm. Da sarkin ya gane abin da aka yi masa, ya aika wa Sarauniya Victoria cewa bai yarda ba, amma a 1889 aka ba kamfanin Rhodes izinin sarauta. A 1893 kamfanin ya auka wa Ndebele, bayan ya yi wa kowane ɗan sa-kai alƙawarin gona mai eka 6,000, da wuraren haƙar zinariya, da kaso a shanun ganima. A kogin Shangani bindigar Maxim, wadda kakanninmu suka sani da bindiga mai ruwa, ta kashe mayaƙan Ndebele sama da dubu, ɓangaren kamfani kuwa waɗanda suka mutu ba su kai goma ba. Da jama'a suka yi bore a 1896 da 1897, an ƙona garuruwa da rumbuna, an sa nakiya a kogunan dutsen da mutanen Shona suka ɓuya a ciki da mata da yara. Sulhun Matopo da Biggar ke yabo a tsakiyar wannan aka yi shi, bayan an riga an ƙwace ƙasar da shanun, kuma yaƙin na cinye kuɗin kamfani.

To ka ga inda dabarar take. Biggar ya ƙuntata ma'anar wariya har ta zama ƙofar da Rhodes ba zai shige ta ba, sannan ya ce ga shi bai shiga ba. Amma mutumin da aka ƙwace wa gona, aka cire sunansa daga rajistar zaɓe, aka killace shi a shinge saboda fatarsa, me ya dame shi da ko mai yin haka yana ganin ƙasƙancinsa na har abada ne ko na shekara ɗari? Wa ke yanke ranar da "yaron" zai girma? Wanda ke cin gonarsa. Ko sharaɗin wasiyyar, masana tarihi da dama na ganin jinsin da yake nufi shi ne Ingilishi da Buwa, wato Turawan Afirka ta Kudu 'yan asalin Holan, domin haka ake amfani da kalmar a can a lokacin. Bayan Locke kuwa, sai a 1963 wani baƙar fata ɗan Amurka ya sake samun tallafin. Biggar ya fara a matsayin mai ba da shaida, yana gyara abin da aka ƙara, ya ƙare a matsayin lauyan da ke zaɓar abin da zai nuna wa alƙali.

Rigimar da ta fi girma ta zo ne a ƙarshen 2017, kuma a nan ne martanin ya rarrabu. Wani malami a Amurka, Bruce Gilley, ya buga maƙalar da ke kare mulkin mallaka a mujallar Third World Quarterly. Mutum 15 daga kwamitin editocinta suka ajiye aiki, daga baya aka janye maƙalar bayan an yi wa editan barazanar kisa. A ranar 30 ga Nuwamba Biggar ya rubuta a jaridar Times cewa bai kamata 'yan Birtaniya su riƙa jin laifi kawai a kan tarihin mulkin mallakarsu ba, akwai abin alfahari a ciki. A daidai lokacin yana jagorantar wani shirin bincike na shekara biyar a kan auna daulolin mallaka da ma'aunin ɗa'a. Wata malama a Cambridge, Priyamvada Gopal, ta rubuta a Twitter cewa a rufe shirin. Wasu suka bi shi da zagi, suna kiransa mai wariya. Masanin tarihi John Darwin, abokin aikinsa a shirin, ya janye. Malaman Oxford 58 suka sa hannu a wata buɗaɗɗiyar wasiƙa, wasu fiye da 170 daga jami'o'in duniya suka biyo da tasu. Hukumar jami'ar kuwa ta tsaya masa, ta ce yana da 'yancin bincikensa.

Ka lura da wasiƙar mutum 58 ɗin, domin ita ce amsar 'yan cocinku masu cewa addini ne. Ba imaninsa suka taɓa ba. Sun ma ce yana da cikakken 'yancin faɗin ra'ayinsa. Ƙorafinsu shi ne hanyar aikinsa: ba a ɗaukar tarihi kamar littafin ɗan kasuwa, a jera riba a wannan shafi, hasara a wancan, a ce jirgin ƙasa da asibiti sun biya kuɗin jinin da aka zubar. Wasu sun ce ai shi ba masanin tarihi ba ne. Wannan sukar ba ta da ƙarfi sosai, don tarihi ya fara karantawa a Oxford kafin ya yi digirin digirgir a tauhidi a Chicago, kuma amsar da ya bayar tana da ma'ana: masu tarihin ma hukuncin ɗa'a suke yankewa duk lokacin da suka ce mulkin mallaka mugunta ne, don haka ba za su hana masanin ɗa'a shiga maganar ba.

Masu zagi da masu kiran a rufe masa baki, su ne suka fi yi masa aiki. Sun mayar da muhawarar daga abin da Rhodes ya aikata zuwa ko Biggar yana da 'yancin magana, kuma a wannan filin shi ke da gaskiya. Kamfanin Bloomsbury ya jingine littafin da ya rubuta a kan mulkin mallaka, William Collins ya buga shi a 2023, ya shiga jerin waɗanda aka fi saya. A 2025 aka ba shi kujera a majalisar dattawan Birtaniya. Barazanar kisa da aka yi wa editan nan kuwa abin Allah wadai ce, ba ta da wani uzuri. Waɗanda suka yi aikin da ya dace su ne irin su William Beinart, wanda ya tattara wa kwamitin binciken da Oriel ta kafa a kan mutum-mutumin hujjoji a kan dokokin Rhodes da yaƙe-yaƙensa, da Alan Lester, wanda ya bi littafin Biggar yana gwada abin da ya ɗauko da abin da ke cikin tushen da ya ɗauko daga ciki, Biggar kuma ya mayar masa da martani a rubuce. Wannan musayar ita ce ke da amfani ga malami irinka.

Yanzu ga ɓangaren addini, wanda na san shi ya fi damunka. Masu kare Rhodes suna yawan cewa mutumin zamaninsa ne, kada a auna shi da ma'aunin yau. Amma a zamanin nasa aka samu Kiristocin da suka tsaya masa a gaba. John Mackenzie, ɗan mishan, ya yi shekaru yana faɗa da shirinsa na haɗiye ƙasar Tswana. A 1895 sarakuna uku, Khama na Uku, Sebele da Bathoen, suka shiga jirgin ruwa zuwa Ingila tare da wani ɗan mishan, W. C. Willoughby, suka bi coci-coci da zauren gari suna roƙon kada a miƙa ƙasarsu ga kamfanin Rhodes. Khama Kirista ne mai riƙo, wanda ya hana sayar da barasa a ƙasarsa. Jama'ar coci suka mara musu baya, gwamnati ta saurara, harin da Jameson, na hannun daman Rhodes, ya kai wa ƙasar Buwa ta Transvaal a ƙarshen shekarar bai yi nasara ba, ya ƙarasa karya Rhodes, ƙasar da ake kira Botswana a yau ta tsira daga zama wata Rodeshiya, ƙasar Ndebele da Shona da aka laƙaba wa sunansa. Waɗannan mutane Littafi ɗaya suke karantawa da Biggar, inda aka ce Allah ya halicci mutum cikin siffarsa, kuma daga mutum ɗaya ya yi dukan al'ummai. Sun ga abin da Rhodes yake tun yana raye. Limamin da ya zo bayan shekara 120 yana neman masa sassauci, da su yake jayayya kafin ya yi da ɗaliban yau.

Akwai kuma batun gafara, wadda wasu ke cewa ita Biggar ke wa'azi. Desmond Tutu, limamin Angalika kamarsa, shi ya jagoranci hukumar gaskiya da sulhu ta Afirka ta Kudu daga 1996. Sharaɗin afuwa a can shi ne mai laifi ya zo ya faɗi duk abin da ya yi, a gaban waɗanda ya yi wa. Nelson Mandela ma ya yarda aka haɗa sunansa da na Rhodes a wata gidauniyar tallafin karatu, don dukiyar da aka kwasa daga Afirka ta dawo ta yi wa 'ya'yanta aiki, ba tare da ya ce ba a yi zalunci ba. Gafara irin wannan hannun wanda aka zalunta take, kuma bayan an faɗi laifin take zuwa. Rage girman laifin daga Oxford wani abu ne daban. Saboda haka ba zan ce ya ci amanar addininsa ba, don ban san zuciyarsa ba, kuma na yarda yana ganin gaskiya yake karewa. Abin da zan ce shi ne ƙaunar ƙasarsa ta rinjayi ma'auninsa, kuma a cikin cocinsa ma ba kowa ke tare da shi ba: a 2023 hukumar da ke kula da dukiyar Cocin Ingila ta ware fam miliyan 100 saboda alaƙar asusunta da cinikin bayi, shi kuma yana cikin masu sukar matakin.

Maganar ba ta yi mana nisa ba kamar yadda ake zato. Flora Shaw, editar harkokin mallaka ta jaridar Times, wadda ta ba da shawarar sunan Najeriya a 1897, aminiyar Rhodes ce, har an kira ta gaban kwamitin majalisa a kan harin Jameson, kuma ita ta auri Lugard a 1902. Hujjar da Biggar ya fi riƙewa wajen kare daular Birtaniya ita ce hana bauta, kuma kai da ka fito daga kudancin Kaduna ka fi ni sanin cewa wannan ba ƙarya ba ce: hare-haren kamun bayi da ake kai wa garuruwanku daga masarautu sun tsaya bayan zuwan Turawa, kuma wajibi ne mu da muka fito daga masarautun mu faɗi haka ba tare da kwana-kwana ba. Amma Lugard ɗin da ya yi shelar hana bauta ta 1901 bai 'yanta bayin da ke hannu ba. 'Ya'yan da aka haifa bayan shelar ne ya ce 'yantattu ne, manya kuwa sai su fanshi kansu ta hanyar murgu, ba a soke bautar gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. Sojojinsa ne kuma suka shafe garin Satiru da ke kusa da Sakkwato a 1906, aka kashe kimanin mutum 2,000, haka kuma aka riƙa kai wa mutanen kan duwatsu farmaki ana ƙona gidaje don su biya haraji. Majalisar dokokin jiharku har yau a zauren da ke ɗauke da sunansa take zama.

A ajinka, ka ba ɗalibai abubuwa huɗu su karanta da kansu: maganar 1887, sharaɗin wasiyyar, alƙawarin eka 6,000, da labarin tafiyar su Khama. Ka gaya musu wace magana ce aka ƙaga wa Rhodes, da wanda ya gano haka. Sannan ka sanar da su inda aka kwana: bayan kisan George Floyd a 2020 hukumar Oriel ta ce tana so a sauke mutum-mutumin, mafi yawan 'yan kwamitin da ta kafa suka goyi bayan haka a Mayun 2021, amma ta fasa saboda tsadar aikin da dokokin kare tsofaffin gine-gine. Malamai kusan 150 suka ce ba za su koyar da ɗaliban kwalejin ba saboda wannan. A ƙarshen shekarar aka kafa allo a kusa da ginin, wanda ya ce Rhodes ya tara dukiyarsa ne ta hanyar ci da gumin mutanen kudancin Afirka da ƙasarsu da ma'adinansu, kuma wasu ayyukansa sun jawo asarar rayuka masu yawa.